Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa Kan Ciwon Hanta Da Kansar Da Ke Cinye Mana Magidanta

Masu Girma Gwamnonin jihohin Arewa 19, da kwamishinoninku na lafiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ni malamin makarantar sakandare ne, ba likita ba. Rasuwar yayana ce ta sa na ɗauki alƙalami, da kuma abin da na gano bayan an share makoki.

Yaya tela ne, shekararsa 41. Bai taɓa shan giya ba, ko taba ba ya sha. A farkon azumi ya fara cewa wani abu na tokare shi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, muka ce olsa ce, aka sayo magani a kemis. Kafin ƙaramar Sallah, wadda ita ce kakar kowane tela, ya kasa zama a kan keke. Idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka shiga kawo saiwoyi da sassaƙe. Da ciki ya kumbura, ƙafafu suka tasa, sai magana ta koma sammu, wai abokan sana'a ne suka yi masa jifa. Sai da kuɗin hannunmu suka kusa ƙarewa sannan muka kai shi babban asibiti. Aka yi hoton ciki, aka ɗebi jini, likita ya ja ni gefe ya ce kansa ce a hanta, ta riga ta mamaye ko'ina, babu aikin da za a iya yi. Sau uku ana zuƙe masa ruwa daga ciki. Kwana tara bayan Layya muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

A ranar da aka gaya mini sakamakon, likitan ya tambaye ni ko Yaya ya san yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Na ce bai sani ba. Daga baya matarsa ta tuna wani abu. Shekara 9 kafin nan ta yi haihuwa mai wahala, aka nemi jini, ya miƙa hannu aka gwada, sai ma'aikacin ya ce masa, "Jininka bai yi ba, a nemo wani." Iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Ba a ce ga sunan cutar ba, ba a ce je ka ga likita ba, ba a ce kawo iyalinka a duba su ba. Ya koma shago ya ci gaba da ɗinki, cutar kuma ta ci gaba da nata aikin shekara 9 cur. Wannan magana ita ce ta fi hana ni barci, domin a ranar an ga cutar da ido, kuma a ranar akwai maganin da zai iya danne ta.

Bayan sadakar bakwai na tattara 'yan ɗakinmu muka je gwaji. Mu shida muka rage, huɗu muna ɗauke da ita, har da ni. Mahaifiyarmu ma haka. Har yau ban iya bayyana mata cewa mai yiwuwa daga jikinta muka samu ba, don ba ta da laifin komai. A gida ta haife mu duka, a lokacin da babu wanda ya san akwai allurar rigakafin da ke tare wannan hanya.

Ranku ya daɗe, da ace gidanmu kaɗai abin ya shafa, da na yi haƙuri na yi shiru. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda aka haɗa da gwajin ciwon hanta, ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. A maza abin ya haura kashi 10. Ku dubi sahun sallar Juma'a, ku ƙirga mutum goma, ɗaya daga cikinsu yana yawo da ita, kuma galibi bai sani ba, saboda cuta ce da ke iya shekara 20 ko 30 a jiki ba zazzaɓi, ba ciwon kai. A hankali take cin hanta har ta ƙanƙance ta taurare, ko kuma ta haifar da kansa. Wani lokaci ma ba ta jiran hantar ta taurare, domin ƙwayar cutar kan cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar hanta ta jirkita su. Cikin mutum huɗu da suka kamu tun suna jarirai, kusan ɗaya zai mutu ta wannan hanya idan ba a kula da shi ba.

Alƙaluman duniya ba su da daɗin ji. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma mace-macen ciwon hanta sun tashi daga miliyan 1.1 a 2019 zuwa miliyan 1.3 a 2022, kashi 83 cikin 100 daga nau'in B. Mutum 3,500 ke nan a kowace rana. Ita kuwa kansar hanta ta kashe kimanin mutum 760,000 a 2022, ita ce ta uku a jerin kansar da ta fi kisa, kuma wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya yi hasashe a 2025 cewa adadin zai kai miliyan 1.37 a 2050 idan aka ci gaba a haka. Kwamitin ya ce uku cikin biyar na masu kamuwa da ita ana iya kare su. Abin lura shi ne, a ƙasashen gabashin Asiya da suka tashi tsaye, yawan masu mutuwa idan aka auna da yawan jama'a raguwa yake yi. Nauyin yana karkatowa ne zuwa gare mu: kashi 63 cikin 100 na sababbin kamuwa da nau'in B a yankin Afirka suke faruwa, amma jarirai 18 ne kawai cikin 100 ke samun allurar ranar haihuwa a yankin.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ya tayar wa duk mai mulki hankali. A Turai da Amurka kansar hanta galibi cutar dattawa ce, 'yan shekara 60 zuwa sama. A nan kuwa majiya ƙarfi take ɗauka. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara marasa lafiya daga asibitocin ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya, ya gano cewa idan aka cire Masar, tsaka-tsakin shekarun masu cutar 46 ne, kuma rabinsu ba sa wuce wata biyu da rabi a raye bayan an gano ta. Da na karanta wannan sai na ƙirga daga ranar da aka yi wa Yaya hoto zuwa ranar jana'izarsa, na ga ko hakan bai kai ba. Mutum mai shekara 40 da 'yan kai shi ne mai biyan kuɗin makaranta, shi ne mai ciyar da tsofaffi, shi ne mai noman gandu. Idan ya faɗi, gida guda ne ya faɗi.

Na san za a ce alƙaluman jihohinku ba su nuna haka ba. Ta yaya za su nuna? Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an binne shi, babu takardar shaidar mutuwa, babu wanda ya rubuta dalili. Da yawa ma ba su taɓa taka asibiti ba. A bakin mutane sunan cutar "kumburin ciki" ne ko "an sa masa hannu". Duk wanda ya zauna a unguwa ya san gidan da aka rasa 'yan'uwa maza biyu ko uku da ciwo iri ɗaya, har ana cewa asiri ne aka yi wa zuri'ar, ko a ɗora wa kishiyar uwa. Zumunci nawa ne ya lalace a kan abin da gwajin digon jini zai warware cikin minti 20?

Babbar maganata gare ku ita ce, wannan kansa tun ran gini tun ran zane ce. Babban mutum idan ya kamu da nau'in B, jikinsa kan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunar wa. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa kuwa, 9 cikin 10 za su rayu da ita har mutuwa. Yaron da ya kamu kafin shekara 5, kusan ɗaya cikin uku. Ashe kenan makomar hantar magidanci ɗan shekara 45 ana yanke ta ne a ɗakin mai jego da tsakar gida, ba a ɗakin tiyata ba. Allurar kuma tana nan. Najeriya ta sa ta cikin jerin rigakafin yara tun 2004, kyauta ce, kuma ƙa'idarta a yi wa jariri cikin awa 24 da faɗowarsa, sannan a cika sauran a sati 6 da 10 da 14.

Matsalar a wannan awa 24 ɗin take. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. Saura a ɗaka suke haihuwa, a hannun ungozoma ko babu kowa, jariri kuma ba ya fita sai bayan suna. Wadda ta daure ta je asibitin ma ba ta tsira ba. Lokacin da matata ta haihu a daren wata Juma'a, na riga na san ina ɗauke da cutar, na nemi a yi wa yarinyar allura nan take. Aka ce mai riƙe da makullin firij ta tashi, in dawo ranar rigakafi, wato Talata. Na hau babur na zaga wurare uku washegari. A wuri na biyu aka ce ba za a fasa kwalba mai cin mutum goma saboda jariri ɗaya ba. A na ukun wata ma'aikaciya, Allah Ya saka mata da alheri, ta fasa ta yi mata, saura awa biyu lokacin ya cika. Ni da na sani, ina da babur, ina cikin gari, haka na sha. Ina ga matar da ta haihu a ƙauyen da sai an ƙetare rafi?

Wannan ba abu ne da sai Abuja ta yi ba, Ranku ya daɗe. Asibitocin matakin farko a ƙarƙashin hukumomin jihohinku suke. Umarni ɗaya daga kwamishina ya isa a ajiye allurar a ɗakin haihuwa dare da rana, Asabar da Lahadi, a koya wa ungozomar asibiti ta yi da kanta, a kuma rubuta ƙarara cewa babu ma'aikacin da za a tuhuma don ya fasa kwalba saboda jariri ɗaya. Ga waɗanda aka haifa a gida kuwa, mu ne muka fi kowa sanin hanya. Da ƙafa aka bi gida-gida, lungu-lungu, da taimakon sarakuna da hakimai da masu unguwanni, har aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna ta daji a watan Agustan 2020. Mai unguwa yakan san an yi haihuwa kafin a yanke cibi. Liman yakan sani, wanzami yakan sani. A ɗora wa ungozoma da mai unguwa alhakin kiran ma'aikacin lafiya a ranar, a ba ma'aikacin kuɗin mai. Indonesiya ta yi haka, ta ba ungozomomin ƙauye allurar a cikin sirinjin da aka riga aka ɗura, suna yi wa jarirai a ɗakin uwayensu.

Kuma an ga amfanin abin a inda aka yi. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, cikin kimanin shekara 10 kansar hanta a tsakanin yaranta ta ragu da kusan rabi. A ƙasar Sin, a 1992 kusan yaro ɗaya cikin goma 'yan ƙasa da shekara 5 yana ɗauke da cutar, zuwa 2014 ba su kai ɗaya cikin 300 ba. Nan kusa da mu, Gambiya ta fara tun 1986. Allura ce da ke hana kansa, kuma tana cikin firij ɗin asibitocinmu.

Tunda na ambaci wanzamai, bari in faɗi abin da ke raina, ba don cin fuska ba, don sana'a ce mai daraja kuma iyayenmu ne. Ƙwayar wannan cuta tana iya kwana 7 a raye a busasshen jini, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin yaɗuwa ninki 50 zuwa 100. Askar da aka yi wa jariri askin suna, da ƙarfen cire beli, da wuƙar kaciyar da aka bi yara goma da ita a safiya ɗaya, da ƙaho, da almakashin mai yankan farce a bakin kasuwa, da rezar da almajirai ke karɓa-karɓa, duk hanyoyi ne. Hana su aiki ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne mafita ba. Suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu. A zauna da su, a yi musu gwaji da rigakafi su ma, a saba musu da sabuwar reza ga kowane kai.

Sai batun mu da muka riga muka kamu, wanda allura ba za ta yi mana komai ba. Akwai magani, tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya kore cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta, hanta ta huta, haɗarin kansa ya ragu ƙwarai. Mai ciki da cutar ta yi wa yawa a jini idan ta sha shi a watannin ƙarshe, da wuya ta shafa wa jaririnta, musamman idan an haɗa da allurar ranar haihuwa. Wannan magani yana cikin haɗin da ake ba masu cutar ƙanjamau kyauta a asibitocinku, kuma daidai ne a ba su. Amma ni da nake da ciwon hanta kaɗai, daga aljihuna nake saye kowane wata, gwajin auna yawan ƙwayar cutar a jini kuma ya taɓa cinye kusan rabin albashina. Alhali farashin da aka daidaita a kasuwar duniya ga gwamnatocin da suka saya da yawa bai kai dala 3 ba na wata guda. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idojin fara magani, ta yadda gwaje-gwajen jini masu araha da kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ke iya yi za su wadatar a yanke shawara ga mutane da yawa. Idan jihohi 19 suka haɗa kai suka saya a dunƙule, kuɗin da ake kashe wa mai kansa ɗaya a watanninsa na ƙarshe zai riƙe mutane masu yawa shekara guda.

Na yaba wa Jihar Kano da ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta. Amma ina roƙo a kula, gwajin da babu bayani da magani a bayansa yakan zama irin wanda aka yi wa Yaya. Na san auren da aka fasa ana saura sati biyu, yarinya ta shiga ɗaki ta daina fita, alhali abin da ake buƙata shi ne a gwada angon, a yi masa allura uku, a kiyaye jariransu. Na san wanda aka ware wa kwano da kofi a gidansu, har ana gudun zufarsa, alhali cutar ba ta bin abinci, ba ta bin musabaha, ba ta bin gumi. Wanda ya ga haka ya faru ga maƙwabcinsa ba zai kai kansa gwaji ba. Shi ya sa mai lasifika a tasha, da ke rantsuwa zai wanke hanta cikin sati biyu, ya fi asibiti kasuwa, kuma wasu jiƙe-jiƙen nasa hantar suke ƙara ƙonawa. Duk inda za a gwada mutum, ko wajen awon ciki, ko wajen ba da jini, ko don aure, ya zama dole a zaunar da shi a yi masa bayani da Hausa ko harshen da yake ji, a ba shi takardar zuwa wani asibiti takamaimai, a kira iyalinsa.

Akwai abu ɗaya da ya shafi kwamishinonin gona. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Ita kaɗai tana jawo kansar hanta, idan kuma ta haɗu da nau'in B haɗarin kan ninka har kusan sau 30. Mu kuwa gyaɗa da masara su ne cimarmu, kuma kowa ya san zaɓaɓɓiyar gyaɗa ake kai wa kasuwa, ruɓaɓɓiyar ta koma ƙuli-ƙuli da kunun gida. A gundumar Qidong ta ƙasar Sin, inda kansar hanta ta yi ƙaurin suna, da mutane suka bar gurɓatacciyar masara suka koma shinkafa a shekarun 1980, mace-macen suka ragu da kusan rabi a tsakanin waɗanda ba a ma yi wa allura ba. Ba cewa nake mu bar masara ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar. A sa shi cikin kayan tallafin da kuke raba wa manoma tare da taki, malaman gona kuma su dage kan shanya a tamfol maimakon ƙasa, da tsince ruɓaɓɓe kafin a zuba a buhu.

Ina ganin ana gina cibiyoyin kula da masu kansa, ina kuma murna, don masu jinya na buƙatarsu. Sai dai ga kansar hanta, injin da ya fi kowanne tsada ba zai yi wa wanda ya zo da ciki a kumbure komai ba. Abin da ke ceton mai ɗauke da cutar shi ne hoton ciki duk wata 6, don a kama ƙarin tun yana ƙarami ana iya cire shi, kuma na'urar hoton tana nan a yawancin manyan asibitocinku.

Najeriya ta amince da burin duniya na rage sababbin kamuwa da kashi 90 da rage mace-mace da kashi 65 kafin 2030. Lokacin ya ƙarato. Ina roƙon kowane Gwamna ya ware wa ciwon hanta layinsa na kansa a kasafin kuɗin baɗi, ya kuma sa a saki kuɗin. A ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, bayan tattaki da jawabi, kwamishina ya karanto wa jama'a ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: jarirai nawa aka haifa, nawa aka yi wa allura cikin awa 24, masu ciki nawa aka gwada, mutum nawa ke karɓar magani.

Yaya ya bar 'ya'ya huɗu, suna hannuna. Uku ba su da ita, na kuma tabbatar an cika musu allura. Babban, mai shekara 14, yana ɗauke da ita. Shi ne ya gaji keken ɗinkin, yana koyo bayan an tashi makaranta. Duk wata 6 nakan kai shi a ɗebi jininsa, idan mun fito yakan tambaye ni, "Baffa, ni ma cikina zai kumbura?" Nakan ce masa in Allah Ya yarda a'a, tunda mun sani da wuri. A ajin da nake koyarwa akwai sa'o'insa 70, kuma ban san ko ɗaya daga cikinsu da aka taɓa gwadawa ba.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B